Mai Amsawa Cikin Kacalla

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Nafi'u, kashe wayar nan, haskenta yana shiga mini ido. Ku kuka dame ni tun magariba, sai Yaya ta ba ku labarin tafkin bayan gari. To ga shi. Amma wanda tsoro ya hana shi fita fitsari, kada ya kuskura ya tashe ni. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a ciki.

Tafkin nan, duk ruwan saman da ya sauka a garin nan can yake gangarawa. In ya cika, sai ya bi magudana ya fita fadama. Haka iyayenmu suka taso suka gani. Sai kacalla ta zo. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya gayyace ta. Ciyawa ce, amma ta fi namiji tsayi, ta cushe tafkin har ba ka ganin ruwa. Ta toshe magudanar. Ruwa ya rasa hanya, ya juyo cikin gari, gidaje suka riƙa zubewa. Ga sauro. Ga tsuntsayen jan-baki sun samu wurin kwana, da safe su tashi su faɗa wa shinkafar mutane.

An sa mata wuta da rani, ta dawo kore shar, ta fi da. An sare ta ta sama, kafin a huta ta tofo. Daga baya aka gano maganinta. A ƙarƙashin ruwa ake yanka ta. Ka nutsa hannu da lauje, ka yanke can ƙasa, ruwa ya rufe bakin yankan. Sai ta rasa numfashi, gindin ya ruɓe. Nutsar da ita ake yi, in gaya muku a taƙaice.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, gayya ake yi. Maza su jeru a layi su shiga, ruwa iya ƙirji. To amma da zarar an shiga, ba mai ganin wani. Na kusa da kai ma sai dai ka ji motsin laujensa. Kuma a tsakiyar tafkin akwai tsohon rami, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini, mai zurfin gaske. Shi ya sa aka yi doka. Kowa shi ke da alhakin wanda ke damansa. Jim kaɗan ka kira shi: "Wane, kana nan?" Ya ce: "Ina nan." In ya amsa, a ci gaba. In bai amsa ba, a yi kururuwa, kowa ya ajiye lauje a nemo shi. Da murya ake ƙirga mutane a cikin kacalla.

Wata shekara aka shiga gayya. Na ƙarshen layi wani saurayi ne, Jibo, ƙanen Gambo, uwa ɗaya uba ɗaya. Gambon shi ya rene shi tun rasuwar iyayensu. Mai kiran Jibo kuwa Lawandi ne, maƙwabcinsu, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Aka yi aiki har la'asar. Aka fito, kowa yana cire matsattsaku daga ƙafa. Babu Jibo.

Sai washegari aka same shi a bakin ramin nan, saiwoyi sun sarƙe masa ƙafa. Masu wanka suka ce daga ganin jikin, tun hantsi ya rasu.

Gambo ya shaƙe wuyan Lawandi a gaban jama'a.

"Tun hantsi! Kai kana ina?"

"Ina wurina. Na kira shi."

"Ƙarya kake!"

"Wallahi na kira shi, Gambo. Ya amsa. Har muka fito yana amsawa."

"Gawa ce ta amsa maka?"

Da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa. Dattawa suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Amma Gambo ya ƙullaci Lawandi. A ganinsa mutumin ya sulale ne ya tafi duba tarkon kifinsa, ya bar yaro ba mai kira, sannan ya zo yana rantsuwa. Ya daina amsa masa gaisuwa. In sun haɗu a masallaci, ya canza sahu. Lawandi ya aiko da dattawa, ya zo da kansa ya durƙusa, duk a banza. Shekara guda Gambo yana kwana yana tashi da abu ɗaya a ransa: yadda ruwa ya ci Jibo, haka zai ci Lawandi.

Da aka sa ranar gayya ta gaba, ana gobe za a shiga, Gambo ya ɗauki lauje ya nufi tafkin shi kaɗai. Da rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya fita. So yake ya auna bakin ramin, ya san daidai inda zai tura mutum.

Ummita, sakar mini zane, ba inda zan je.

Ya shiga. Ruwa iya gwiwa, iya ƙugu. Kacalla ta rufe bayansa. Da farko yana jin jan-baki suna hayaniya a samansa. Can sai ya lura sun yi tsit. Kwaɗi ma sun yi shiru. Babu iska, amma kan kacallar yana kaɗawa.

Sai ya ji ƙamshin ɗanyen yanka, irin na ciyawar da aka sare yanzu. Alhali ba wanda ya shiga tun bara.

Ya buɗa kara da hannu. Ga wani tsoho a sunkuye.

Ɗan ƙaramin tsoho ne, da riga fara. Ruwan da ya kai wa Gambo ƙirji, shi iya idon sawu ya kai masa. Rigarsa a bushe. Yana ɗaukar karan da aka yanke, yana haɗa shi da gindinsa, yana naɗewa da ganye a hankali.

Gambo ya daure ya gaishe shi.

"Sannu da aiki, Baba."

Bakin tsohon ya motsa. Ba abin da ya fito. Sai da ya rufe baki, sannan Gambo ya ji muryar ta bayan kunnensa na hagu.

"Yauwa."

Muryar mace ce.

"Me kake yi haka, Baba?"

"Ɗori. Kun karya mini."

Wannan karon muryar namiji ce, ta dama ta fito. Gambo ya sauke ido. Ta cikin ruwan ya hango ƙafafun. Ba yatsu. Wasu fararen saiwoyi ne, dogaye, sun tafi can ƙasa cikin laka, suna motsi.

Da ni ce, da tuni na bar takalmina a nan. Shi kuwa ya tsaya.

"Ka zo auna rami," in ji tsohon.

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ba ka iya ba. In ka tura shi zai yi ihu. A ji, a zo, a ɗaure ka. Shi ya rayu."

"To yaya zan yi?"

"Ara mini muryarka."

"Muryata?"

"Gobe ka tsaya a damansa. In ya kira, ka yi shiru. Ni zan amsa."

"Sai me?"

"Sai ya biyo."

Gambo ya ce, "Kai mece ce ribarka?"

Tsohon ya ɗago kai. Idonsa ba baƙi a ciki.

"Kuna nutsar mini da nawa. Ba na barin ta kwana."

Jama'a, ai ko ɗan yaye in ya ji wannan zai tsaya ya yi tunani. Wanda ya iya amsawa da muryar wani, kuma yana da haushin duk mai riƙe lauje, me ya rage a gaya maka? Amma zuciya ta rufe wa Gambo ido. Sakarai! Fuskar Lawandi kawai yake gani.

"Yaushe za ka mayar mini?"

"In na gama da ita."

Tsohon ya miƙo tafin hannu. Gambo ya sunkuya ya ce a ciki, "Ina nan." Hannun sanyi ƙalau. Tsohon ya dunƙule shi, ya sa a aljihu.

"Tana wurinka har gobe. In ruwa ya kai maka ƙirji, ta zama tawa."

Gambo ya ƙifta ido. Babu kowa, sai karan nan da aka ɗaure, a tsaye. Jan-baki suka ci gaba da hayaniyarsu.

Da safe aka taru a bakin tafki. Sarkin gayya yana jera mutane, sai Gambo ya ce shi ƙarshen layi yake so, kuma Lawandi ya zama mai kiransa. Dattawa suka ce alhamdulillahi, zuciya ta sauko. Lawandi ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya ciko.

"Na gode, Gambo. Na gode da ka yarda da ni."

Gambo ya zare hannunsa ya ce, "Mu shiga."

Aka shiga. Ruwa iya gwiwa, iya ƙugu. Da ya taɓa ƙirjinsa, ya ji wani abu mai sanyi ya zame daga maƙogwaronsa, kamar ka haɗiye ƙanƙara amma ta yi sama. Ya tsaya cak, bai yanki ko kara ɗaya ba.

"Gambo, kana nan?"

Ya danne leɓe.

"Ina nan."

Muryarsa ce. Tasa sak, har da ɗan kaushin nan na mai shan taba. Daga ɗan gaba kaɗan ta fito. Tsigar jikinsa ta tashi, amma wallahi daɗi ya ji. Har murmushi ya yi.

Aka jima.

"Gambo, kana nan?"

"Ina nan."

Ta ƙara nisa.

"Ka yi gaba da yawa. Dawo layi."

"Ina nan."

"Gambo! Rami ne a gabanka, dawo!"

Shiru. Sai can, a hankali, muryar ta ce, "Lawandi. Ƙafata ta sarƙe."

Da Lawandi ya bi doka ya yi kururuwa, da an taru. Amma ina! Mutumin da aka shekara ana nuna shi da baki, ana cewa ya bar yaro ya mutu, bai tsaya jiran kowa ba. Gambo ya ji Lawandi ya yar da lauje. Ya ji yana keta kacalla, yana tahowa. Ta gabansa ya bi. Kusa, har karan da ya ture ya shafi fuskar Gambo. Ya ga kafaɗarsa, ya ga ƙeyarsa. Yana tafe yana magana shi kaɗai.

"Bara na yarda da murya. Bana sai na taɓa ka da hannuna."

Ku saurara da kyau. A nan Gambo bai buƙaci baki ba. Hannu kawai zai miƙa ya kama rigarsa. Bai miƙa ba. Ya bar shi ya wuce.

Kacalla ta rufe bayan Lawandi.

"Kana ina? Yi magana in ji ka!"

"Ina nan."

"Ina?"

"Ina nan, Lawandi."

Wannan ta biyun ba muryar Gambo ba ce. Siririya ce, ta saurayi. Gambo ya san ta tun tana kuka a goye. Muryar Jibo ce.



Ya ji Lawandi ya yi salati. "Gambo, kana ji? Ita ce! Ita ce ta amsa mini bara! Ka riƙe kara, kada ka saurare ta, ga ni nan!"

Ka ji fa. Ya gane ba mutum ba ne, amma yana zaton Gambo na can a hannunta, sai ya ƙara kutsawa.

Gambo ya buɗe baki da iyakar ƙarfinsa. Iska ce kawai ta fito. Ya sake. Ba komai. Ya faɗa wa kacallar yana turewa, ita kuwa ta haɗe kamar zanar da aka saƙa. Ya sara da lauje, ya bugi ruwa, ya yayyage hannuwansa. Yana jin muryarsa da ta ƙanensa suna karɓa-karɓa, suna ja da baya. Yana jin numfashin Lawandi yana sama-sama. Sai ya ji ɓulum, sau ɗaya. Ruwa ya ɗan kaɗa a ƙirjinsa, ya kwanta.

Can daga hagu, mai kiran Lawandi ya ɗaga murya.

"Lawandi, kana nan?"

"Ina nan."

Daga layi ta fito, daidai inda ya kamata ya kasance. Lafiya lau, har da 'yar dariya.

Gambo ya fito da rarrafe. Ya ruga wurin sarkin gayya a bakin tafki, yana nuna ruwa, yana dukan ƙirji, yana jan rigarsa. Sarkin gayya ya ce, "Lafiya? Maciji ne?" Gambo ya nuna gidan Lawandi, ya nuna ramin. Sarkin gayya ya sa aka kira. Aka amsa. Ya sa aka sake kira. Aka amsa. Ya ce, "To ga shi yana amsawa. Ku zaunar da Gambo a inuwa, rana ce ta buge shi." Suka danne shi a gindin bishiya, suna zuba masa ruwa a ka. Yana ji ana kiran Lawandi, yana ji ana amsawa, har la'asar.

Inda aka tsinci Jibo, nan aka tsinci Lawandi.

Muryar Gambo ba ta dawo ba. An yi rubutu, an yi turare, an kai shi asibiti, shiru. Mutanen gari suka haɗa labarin da kansu: wai Gambo ne ya faɗa rami, Lawandi ya cece shi ya rasa ransa, firgici ya ɗauke wa Gambo baki. Kowa yana tausayinsa. Tasalla, matar Lawandi, da ta fita takaba, ita ke aika masa tuwo ta kan katanga. Cewa take, "Don shi mijina ya tafi, ba zan bar shi da yunwa ba." Shi kuwa ya karɓa. Abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan ke nan, ya karɓa ya ci.

Na san me za ka tambaya, Nafi'u, ga bakinka yana motsi. In Gambo bebe ne, wa ya faɗi abin da ya faru a cikin kacalla? Yi haƙuri, yanzu za ka ji.

Wata rana Tasalla ta je bakin tafki kwasar busasshiyar kacallar da aka jibge, za ta gyara shinge. Ita kaɗai. Rana ta take. Tana cikin ɗaure dami, sai ta ji an ce, "Tasalla."

Muryar Gambo. Ta san ta, shekara da shekaru tana jin ta ta bayan katanga.

"Malam Gambo? Bakin ya buɗe?"

"Zo in gaya miki yadda mijinki ya mutu."

Daga cikin kacalla ne, nan kusa. Ta taka ruwa. Muryar ta fara ba da labari, tun daga ranar da Gambo ya je auna rami. A hankali take magana, ƙasa-ƙasa, sai ka matsa za ka ji. In Tasalla ta matsa, sai muryar ta ja baya. Ta faɗi tsohon, ta faɗi tafin hannun. Ruwa iya gwiwa. Ta faɗi yadda Lawandi ya yi godiya. Ruwa iya ƙugu. Ta faɗi yadda ya wuce ta gaban Gambo, da abin da yake faɗa, da hannun da ba a miƙa ba. Ruwa ya kai mata wuya, ba ta sani ba.

"Saura kalmarsa ta ƙarshe," in ji muryar. "Ke ya ambata. Matso."

Allah ya kawo wata Bafulatana mai tallan nono ta bi ta gefen. Ɗankwali kawai ta hango yana shiga cikin ciyawa. Ta yar da ƙwarya, ta faɗa ruwa, ta damƙi Tasalla ta gashi ta jawo ta waje, Tasalla tana fizga tana cewa a sake ta ta ji sauran.

Ba ta koma gida ta canza zane ba. Haka ta taho, ruwa yana ɗiga, laka har cinya, ta tsaya a ƙofar masallaci an fito daga la'asar. Gambo yana zaune a kan tabarma cikin dattawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta faɗi komai, tiryan-tiryan, yadda na gaya muku. Da ta gama, ta dube shi.

"Malam Gambo, ba ka da baki, na sani. Amma kana da kai. In ƙarya na yi maka, girgiza shi."

Kowa ya zuba masa ido.

"Girgiza mana. Sau ɗaya ya isa, in durƙusa in ba ka haƙuri."

Kan Gambo bai motsa ba. Hawaye ne kawai suke bin gemunsa.

Samari suka taso masa, wasu har sun ɗebo duwatsu. Wasu suka ce a kore shi daga garin kafin magariba. Tasalla ta ɗaga hannu.

"Kada wanda ya taɓa shi. Kada a kore shi. In ya tafi wani gari ai ya huta. Ɗakinsa ne mafi kusa da tafki, a bar shi a ciki. Ni sau ɗaya na ji, ya ishe ni har kabari. Shi ya riƙa ji kullum." Ta juyo gare shi. "Tuwon da ka ci, na yafe. Lawandi ne ban yafe ba, duniya da lahira."

Ta tafi. A makon ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu.

Tun daga nan aka daina ƙirga mutane da murya. Yanzu in za a shiga gayya, igiya ake ɗaurawa ƙugu da ƙugu, a ja ka ja. Ba mai kira, ba mai amsawa. Haka ake yankan kacalla a garin nan, shiru kamar ana jana'iza.

Don haka ku ji ni da kyau, ban da wasa. Kada in ji an ce ɗayanku ya bi bakin tafkin nan shi kaɗai, ko da aike ne, ko da akuyarku ce ta shiga. In kun ji an kira sunanku daga cikin ciyawa, ko muryata ce, ko ta Inna ce, kada ku amsa. In an fara ba ku labari, kada ku tsaya jin ƙarshe.

Gidan ƙarshe a hanyar fadama, mai rusasshen zaure, nan yake har yanzu. In kun wuce da rana tsaka za ku gan shi a zaune, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ku gaishe shi ku wuce da sauri. Kada wanda ya tsaya sauraron abin da yake toshewa.